Zamani Riga: Na'urar Ɗori Da Makomar Allura Da Zare A Fagge Da Sabon Gari



 Kafin mu shiga magana, muna roƙon kowa ya shafa rigar da ke jikinsa, ya tambayi kansa a ina aka noma audugarta, in ma auduga ce, a ina aka kaɗa zarenta, a ina aka saƙa ta, wa ya rina ta, wa kuma ya ɗinka. Mafi yawanmu tambaya ta ƙarshe kaɗai za mu iya amsawa da sunan wani ɗan garin nan. Sauran huɗun amsarsu tana ƙetaren teku. Wannan shi ne dalilin da ya sa muka zaɓi mu yi magana a kan wata sabuwar hanyar ƙera tufafi, da irin kayan da ake ɗura mata, da abin da hakan zai iya jawo wa telan Fagge da ɗan kasuwar Sabon Gari, na alheri ko akasinsa.

Inda muka fito

Sa'ad da Bajamushen matafiyin nan Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya shigo Kano a 1851, abin da ya fi ba shi mamaki shi ne tufa. Ya ƙiyasta cewa abin da ake fitarwa na saƙi da rini a shekara ya kai na wuri miliyan 300, kuma ya tarar da kayan Kano suna isa Tambutu da Gat da Murzuk har Tarabulus. Abin lura a nan shi ne, duk abin da ke cikin wannan sana'a daga gona ya fito. Auduga noma ta ake yi, baba noma shi ake yi, tokar da ake zubawa a karofi daga itace take, zaren tsamiya kuwa daga daji ake samo shi. Ana girbewa bana, ƙasa ta sake bayarwa baɗi. Rigar da ta tsufa takan zama tsumma, tsumma ya ruɓe ya koma taki. Watau abin da masana ke kira yau kayan da ke sabunta kansu, shi kakanninmu suka yi ƙarni da ƙarni suna aiki da shi a Ƙofar Mata da Kura, ba tare da sun raɗa masa wani suna ba.

Fagge kanta zangon fatake ce tun asali, inda ayarin Azbinawa ke sauke gishiri su ɗauki turkuɗi. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka kafa Sabon Gari a 1913, Kwarori suka buɗe kantunansu a wurin da har yau muke kira Kantin Kwari, suna sayar da yadin Ingila. Tun daga nan hanyar tufa ta juya, abin da da yake fita ya koma shigowa.

An yi yunƙurin gyara wannan. A 1957 gwamnatin Jihar Arewa ta buɗe masaƙar Kaduna a Kakuri, a 1964 aka kafa UNTL, masaƙu suka bazu har Bompai da Sharaɗa da Funtuwa da Gusau. Amma bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, da tsadar man injuna, da ƙarancin wutar lantarki, da fasa-ƙwauri, sai suka shiga durƙushewa ɗaya bayan ɗaya. Masaƙar Kaduna ta rufe a 2002, UNTL ta dakatar da aiki a 2007. A watan Maris na 2019 Babban Bankin Nijeriya ya hana masu shigo da yadi kuɗin musaya, a watan Oktoba na 2023 ya janye hanin. Yau Kantin Kwari tana cikin manyan kasuwannin yadi na Afirka ta Yamma, amma galibin abin da ke jibge a cikinta daga Sin yake zuwa. Abin da ya rage a hannunmu sosai shi ne almakashi da keken ɗinki. To, ga shi kuma an zo da na'urar da masu tallarta ke cewa ba ta bukatar ko ɗaya daga cikinsu.

Mece ce na'urar ɗori?

Hanyoyin ƙera abu iri biyu ne. Masassaƙi yakan ɗauki gungume ya yi ta ragewa har turmi ya fito, abin da ya sare kuwa ya zama asara. Maginiyar tukwane ita kuma takan murza yumɓu ta naɗa zobe, ta ɗora wani a kansa, ta ɗora wani, har tulu ya tashi, ba ta zubar da komai ba. Tela ɗan gidan masassaƙi ne, domin yanka yake yi, kuma masana sun ƙiyasta cewa kimanin kashi 15 cikin 100 na yadi yakan ƙare a ƙasan tebur. Na'urar da muke magana a kanta, wadda 'yan kasuwa ke kira firintar 3D, 'yar gidan maginiya ce. Saboda haka muka ga ya dace mu kira ta na'urar ɗori.

Ga yadda wadda ta fi yaɗuwa take aiki. Ana zana siffar abin a kwamfuta, kwamfuta ta yanyanka zanen hawa-hawa. Ana ɗura wa na'urar wata igiyar roba mai kaurin milimita 1.75 wadda aka naɗe a ƙwarya, igiyar ta bi ta wani ɗan bututu mai zafi ta narke, bututun ya riƙa yawo yana zuba ta siriri-siriri kamar yadda taliya ke fitowa daga injin murji. Kaurin kowane hawa bai cika wuce kashi ɗaya cikin biyar na milimita ba, watau sai an yi hawa 50 kafin a sami tsayin santimita ɗaya. Akwai kuma wadda ke aiki da garin roba, haske mai ƙarfi yana narka shi yana haɗewa, da wadda ke daskarar da ruwan ƙaro da haske.

Ba jiya aka fara ba. Charles Hull na Amurka ya sami rajistar haƙƙin ƙirƙira a 1986, Scott Crump kuma ya ƙago hanyar narka igiya a ƙarshen shekarun 1980. A 2005 Adrian Bowyer na Jami'ar Bath a Ingila ya fara wani shiri mai suna RepRap, ya saki zanen na'urarsa kyauta ga duk mai so. Da wa'adin haƙƙin Crump ya ƙare a 2009, farashi ya faɗi warwas. Har ma a 2013 wani ɗan Togo, Afate Gnikou, ya harhaɗa tasa a birnin Lome daga tarkacen tsofaffin kwamfutoci da firintoci da aka zubar a juji. Wannan ya isa ya nuna mana cewa na'urar kanta ba ita ce gagara-badau ba. Inda gizo ke saƙar shi ne abin da ake ɗura mata.

Na haƙa da na noma

Robar da duniya ke amfani da ita kusan dukkanta daga man fetur da iskar gas take, watau abin haƙa ne, in ya ƙare ya ƙare. Cikin fiye da tan miliyan 400 da ake yi kowace shekara, wadda aka samo daga tsiro ba ta kai kashi 1 cikin 100 ba. Haka abin yake a tufafi. A 2023 foliyesta, wanda ɗan fetur ne, ya kai kimanin kashi 57 cikin 100 na dukan zaren da aka yi a duniya, auduga kuwa kimanin kashi 20. Wani rahoto na Gidauniyar Ellen MacArthur na 2017 ya nuna cewa abin da ake sake mayarwa sabuwar tufa daga tsofaffin tufafi bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Ba sai mun je nesa neman shaida ba. Duk wanda ya leƙa Jakara da damina ya ga leda da tsummokaran da ba sa ruɓewa, kuma 'yan Kantin Kwari ba su manta da ambaliyar watan Agusta na 2022 ba, wadda ta shiga shaguna ta jiƙa dukiya mai yawa.

Kayan noma da ake iya ɗura wa na'urar ɗori kuwa, uku ne suka fi shafarmu.

Na farko shi ne wanda ake kira PLA. Ana samo shi daga sitacin masara ko rogo, ko daga sukarin rake. Ana mai da sitaci sukari, a bar ƙwayoyin halitta su tsamar da shi, sai a sami sinadarin nan da ke sa nono tsami, sa'an nan a sarƙafa ƙwayoyinsa su zama roba. Kilo ɗaya na PLA yana cin kimanin kilo 1.6 na sukari. Kamfanin NatureWorks yana yin sa daga masara a jihar Nebraska ta Amurka tun 2002, akwai kuma masana'anta a Rayong ta ƙasar Tailan mai iya fitar da tan 75,000 a shekara daga rake. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa noman rogo a duniya, kimanin tan miliyan 60 a shekara, amma ƙwaryar PLA da ɗalibinmu zai saya daga waje aka kawo ta.

Na biyu shi ne nailan 11, wanda ake yi daga man zurma, watau cika-gida. Faransawa sun fara yin sa tun shekarun 1940 da sunan Rilsan. Yana da ƙarfi, yana lanƙwasuwa ba tare da ya karye ba, yana jure zafi fiye da PLA nesa ba kusa ba, kuma ana amfani da garinsa a manyan na'urorin ɗori. Indiya, musamman jihar Gujarat, ita ke noma mafi yawan zurman duniya. Mu kuwa a bayan gida da bakin kududdufi yake fitowa da kansa, muna sarewa muna ƙonawa.

Na uku shi ne ainihin sinadarin da aka gina auduga da shi, wanda kuma yake cikin rama da karan dawa da ɓawon gyaɗa da audugar rimi. Shi ne ya fi kowane daɗi a jiki, shi ne kuma ya fi wuyar sha'ani, domin ba ya narkewa da wuta, ƙonewa yake yi. Sai dai a narkar da shi cikin wani ruwan sinadari, ko a niƙa shi a cuɗa da PLA. Bincike a kan wannan yana gudana a jami'o'i da dama, musamman a ƙasar Finlan.

Abin da aka riga aka yi

A 2010 Iris van Herpen 'yar ƙasar Holan ta nuna rigar da aka fitar da na'urar ɗori a wani bikin nunin tufafi a Amsterdam. A 2014 wani kamfani na Amurka, Nervous System, ya yi doguwar riga ta nailan mai gutsattsari fiye da 2,000 waɗanda ke haɗe da juna kamar sulke, ta ci kusan kwana biyu a cikin na'ura, daga baya gidan adana kayan fasahar zamani na New York ya ajiye ta. A 2015 wata ɗaliba, Danit Peleg, ta yi tufafi biyar da ƙananan na'urori na gida, amma sun cinye mata sa'o'i fiye da 2,000. Inda abin ya fi kama ƙasa shi ne takalmi. Kamfanin Adidas ya fara fitar da takalman da aka yi tafinsu da na'urar ɗori a 2017, a 2021 kuma ya fito da wani samfuri wanda ya ce kimanin kashi 40 cikin 100 na kayan tafinsa daga tsiro suke. A 2022 kamfanin Stratasys ya fito da na'urar da ke ɗora ado kai tsaye a kan yadi. Wannan ta ƙarshe ita ya kamata masu aikin wuya da masu surfani su sa wa ido.

Gaskiyar magana

'Yan'uwa ɗalibai, aikin mai ilmi ne ya auna kaya kafin ya yi ciniki. Ga abubuwa huɗu da mai talla ba zai gaya muku ba.

Na ɗaya, har yanzu na'urar ɗori ba ta saƙa abin da zai yi gogayya da shadda ko atamfa. Abin da take fitarwa raga ne ko sulke, ba ya shan gumi, ba ya kwanciya a jiki. Ga shi kuma ba ta da sauri. Sa'o'i 2,000 da aka kashe a kan tufafi biyar, telan Fagge mai yara uku zai ɗinka wa unguwa guda kayan salla a cikinsu.

Na biyu, zafi. PLA yakan fara laushi da zarar zafi ya kai digiri 60. A Kano zafin inuwa yakan haura 40 a watan Afrilu, motar da aka rufe a rana kuwa cikinta yakan kusanci inda PLA ke sakin jiki. Dutsen gugar mai wanki, in an saita shi don auduga, yakan kai wajen digiri 200. Duk wanda ya yi wa kaftani maɓalli ko adon wuya da PLA, ya kai wa mai wanki da guga, to ya shirya karɓar rigarsa da ɗanko a ƙirji. Abin da ya yi daidai a Amsterdam ba lalle ne ya yi daidai a nan ba.

Na uku, kasancewar abu daga tsiro ba ya nufin zai ruɓe a kwata. PLA ba ya ruɓewa da sauri sai a wurin haɗa taki na musamman mai zafin kimanin digiri 58 da laima. In aka jefa shi a Jakara zai daɗe kamar ledar da muke kuka da ita. Nailan 11 kuwa ba ya ruɓewa sam, ko da yake daga zurma yake.

Na huɗu, ciki. Masara da rogo abinci ne. Ƙasar da kwanon gari ke gagarar magidanci ba ta da hujjar ɗaukar abincin mutane ta mai da shi tafin takalmi. In za mu shiga wannan fage, sai mu shiga ta ƙofar abin da ba a ci: ɓawon rogo, da tukar rake, da kara, da zurman da ke yi a ƙasar da hatsi ba ya so. Kada kuma mu ɗauka cewa kyawun manufa yana isa ya riƙe kamfani. Renewcell na ƙasar Suwidin, wanda ke mai da tsofaffin tufafin auduga sabon kayan zare, ya karye a watan Fabrairu na 2024 domin masu saye ba su saya yadda aka zata ba.

Inda za ta yi mana rana

Duk da haka ba mu ce a juya mata baya ba. Wanda ya zaga layukan masu kayan ɗinki a kasuwar Sabon Gari zai ga maɓallai da ƙugiyoyi da kawunan zif da kwalliyar jaka, kusan duk na waje ne, kuma ƙanana ne, irin abin da na'urar ɗori ta fi gwaninta a kai. Akwai ƙananan kayan gyaran keken ɗinki da injin surfani na roba, waɗanda in ɗaya ya karye sai inji ya yi makonni a kwance. Akwai hatimin da marina ke buga zane da shi, wanda za a iya zana aska takwas ko dagi a kwamfuta a fitar da shi a yini ɗaya. Akwai ƙafar katako da masu takalma ke ɗinki a kanta, wadda za a iya aunawa daidai da ƙafar mai lalura ko mai ciwon sukari. Akwai kan da ake ɗora hula a kai in an wanke. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da zai raba tela da kekensa, sai ma ƙara masa ƙarfi. Ƙaramar na'urar kuma ba ta cin wuta kamar dutsen guga, saboda haka faifan hasken rana da batir za su riƙe ta, abin da ya zama dole, domin in wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki sau da yawa sai a sake daga farko.

Abin da ya rataya a wuyanmu

Ga ɗaliban kimiyya da injiniya, muna ba da shawarar ku daina neman batun kundin kammala karatu a littattafan wasu ƙasashe alhali ga shi zube a ƙasan teburin tela. Ku je Fagge da sikeli, ku auna ƙyallayen da shago ɗaya ke zubarwa a mako, ku ware na auduga da na foliyesta. Ku gwada cuɗa garin kara ko na rama da PLA ku ga ko zai ƙara jure zafi. Ku gwada abin da kuka yi da rana da sabulu da dutsen guga na gawayi, ba da ma'aunin ɗakin gwaji kaɗai ba. Ba daga sifili za ku fara ba. Akwai Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru wadda ta daɗe tana fitar da irin auduga, akwai cibiyar binciken fasahar sinadarai da ta fata a Zariya, akwai masana zare da roba a Jami'ar Ahmadu Bello, ga kuma Jami'ar Bayero da kwalejin fasaha a nan gida.

Ga ɗaliban harshe da tarihi da zane, ku sani cewa na'urar ɗori ba ta san komai ba sai abin da aka zana mata. Duk wanda ya mallaki zanen shi ya mallaki ribar. In ba mu tattara zanen rigunanmu da hulunanmu mun rubuta sunayensu da asalinsu ba, wata rana za a sayar mana da su daga waje, kamar yadda aka kwaikwayi rininmu aka buga a inji aka kawo Kantin Kwari a kan rabin kuɗi, har marinan Kano suka fito zanga-zanga a 2015.

Ga ma'aikata matasa kuwa, wata rana fayil zai zo teburinku ana neman kuɗin sayen irin waɗannan na'urori. Kafin ku sa hannu, ku tambaya: me za a ɗura mata, daga ina za a samo shi, wa zai gyara ta in ta lalace, wace sana'a kuma za ta amfana? Mun sha ganin injuna an kawo su da kiɗa da rawa, sun tsufa cikin akwatunansu. Ku tuna akwai Hukumar Bincike da Bunƙasa Ɗanyun Kayayyaki wadda aka kafa a 1987 domin irin wannan tambaya. Kuma ku kira ƙungiyoyin teloli da marina da 'yan kasuwa tun ana shirin, domin da ɗan gari akan ci gari.

Kammalawa

Shugaba, mun ga cewa sau biyu tufa tana kuɓuce mana. Karo na farko yadin Ingila ya ture masaƙan gargajiya, karo na biyu yadin Asiya ya rufe masaƙun zamani. A duka biyun muna da gona, muna da hannu, muna da kasuwa, abin da muka rasa shi ne mu riƙe matakin da ke tsakanin gona da kasuwa. Idan muka bari aka ɗauki rogonmu da zurmanmu ɗanye, aka mai da su igiya a wata ƙasa, aka dawo mana da ita a ƙwarya muna saye da dala, to mun maimaita labarin auduga ne da sabon suna. Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara. Ba a kuma fafe gora ranar tafiya, saboda haka awon ƙyallen nan da gwajin karan nan, tun wannan zangon karatu ya kamata a fara su.

 Allah ya ba mu ilmi mai amfani, ya sa albarka a sana'o'in iyayenmu.